Wace mota ce wannan a hoton kakanmu?

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum. Na samu tsohon hoton kakanmu yana tsaye gaban motar da yake dakon goro da ita daga Kumasi zuwa Tamale. Tana da hanci, bodinta na katako ne, sitiyarinta yana hannun dama, amma sunan da ke gabanta ya goge. Ina roƙon manyanmu masana su taimaka mini in gane irinta.

Tsohon Fita, Suame:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada bodin ya ɗauke maka hankali, domin kafintocinmu ne suke ƙera shi a nan gida, a kan kowace irin shasi aka kawo musu. Kan motar za ka duba. Idan hancin ya zagaye ya ɗan rusuna gaba, gilashin gaba kuma falle ɗaya ne, to Bedford TJ ce, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. Idan gilashin ya rabu biyu da ƙarfe a tsakiya, ka koma ga yayarta, TA, ta 1953. Bedford TK kuwa ba ta cikin zancen, tunda ita ba ta da hanci, direba a can gaba yake zaune. Sitiyarin dama ya nuna cewa da wuya a ce an shigo da ita bayan 1974, shekarar da Gana ta koma tuƙi a hannun dama na titi.

Yaron Mota:
Baba, ba za ta yiwu Marsandi 911 ba ce? Ita ma ai tana da hanci.

Tsohon Fita, Suame:
Nata gajere ne mai faɗi, domin rabin injin ya shige cikin kan motar, kuma tauraron tambarin Marsandi da ke gabanta ba ya ɓuya ko a hoton da ya dushe.

Alhajin Aboabo:
Ina da ɗan gyara, Malam, tare da girmamawa. Da yawa daga cikin motocin nan shasi da hanci kawai ake kawowa, sai a yi wa direba ɗaki na katako, har gilashin ma a nan ake yanka shi. Saboda haka gilashi yana iya yaudararka. Ɗana, sake ɗaukar hoton kusa da fitilu da ragar gaba, ka turo mana.