Yaya ake matse man zaitun kafin zuwan injuna?

Mai Kanti: Assalamu alaikum. Ina sayar da man zaitun, kuma masu saye kan tambaye ni ko nawa na niƙan dutse ne, domin sun ji an ce ya fi na inji. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda mutanen karkara ke fitar da man nan a da, da kuma ko maganar tana da tushe.

Ɗalibin Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. A Maroko da Tunisiya ana kiran wurin ma'asara, aikin kuma na lokacin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa wajen Janairu. Ana zuba 'ya'yan a wani faffaɗan kwano na dutse, sai raƙumi ko alfadari da aka rufe wa ido ya riƙa zagayawa yana jan babban dutsen niƙa, har 'ya'yan su zama ƙulli da ƙwallonsu duka. Daga nan a cusa ƙullin cikin wasu faya-fayi masu baki da aka saƙa da ciyawa, a jera su bisa juna, a danne da gungumen itace wanda aka rataya wa dutse mai nauyi. Abin da ya tsatso yakan gangara cikin rami, a bari ya kwanta, man ya taso saman ruwa a kwashe. Dabarar ta daɗe ƙwarai, domin a kufan Walili, birnin zamanin Rumawa kusa da Meknes, an gano irin waɗannan ma'asaru fiye da 50. A tsibirin Jarba na Tunisiya kuwa a ƙarƙashin ƙasa aka riƙa gina su a da, inda ya fi ɗumi, saboda sanyi na sa man ya yi kauri ya ƙi fita.

Hajiya Mai Ƙuli: Bayanin ya gamsar, Allah ya ƙara ilimi. A Sudan ma raƙumi ne ke juya turmin matsar riɗi har yau a wasu garuruwa.

Ma'aikacin Gona: Ina girmama aikin magabata, amma kada a ruɗi masu saye, dutse kaɗai ba ya sa mai ya yi kyau. A tsofaffin ma'asaru manomi kan jira layi kwanaki, 'ya'yan suna jibge har su fara ruɓewa, faya-fayin kuma suna da wuyar wankewa, sai tsamin jiya ya shiga man yau. Haka nan akan zuba ruwan zafi a sake matsa tukar, a sami man da ya fi dacewa da fitila da sabulu. Abin dubawa shi ne a niƙa 'ya'yan da wuri bayan tsinka, kuma zafi kada ya kai digiri 27, wanda shi ne ƙa'idar Tarayyar Turai ga man da ake wa laƙabi da "matsar sanyi". Malam, ka duba shekarar girbi a jikin kwalbar, ka kuma ajiye ta nesa da rana.