Kwana biyu a Budapest da Baba da Umma: me zan ɗauka, me zan bari?

Ƙanwarku ta Debrecen:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. In Allah ya kai mu ƙarshen watan Yuni za a yaye mu, Baba da Umma za su zo daga Kano, bizarsu ta fito alhamdu lillahi. Bayan biki muna da kwana biyu cur a Budapest kafin jirginsu ya tashi. Abin kunya, shekara shida ina ƙasar nan ta Hungary, a garin Debrecen, amma sanina da garin bai wuce tashar jirgin ƙasa ta Nyugati da hanyar filin jirgi ba. Baba shekararsa 68, gwiwa na damunsa, in ya yi tafiyar minti ashirin sai ya nemi wurin zama. Tsohon malamin tarihi ne, ba ya wuce tsohon gini bai tambayi wa ya gina ba. Umma kuwa ita dai kasuwa da hoto. Na rubuta wurare goma sha ɗaya, har ina tunanin mu leƙa Viyana, babban birnin Austria, rana guda tunda awa biyu da rabi ne a jirgin ƙasa. Ga maganar abinci da wurin salla. A taimaka.

Yayanku na Pest:
Wa alaikumus salam, barka da arziki ƙanwata. Viyana dai ki cire ta, awa biyar a hanya zuwa da dawowa, me ya rage? Wuraren nan goma sha ɗaya ma ki rage su zuwa biyar.

Abin da za ki fara ganewa, garin nan gari biyu ne da kogin Danub ya raba, sai a 1873 aka haɗe Buda da Pest da Óbuda. Pest shimfiɗe take kamar Kano, Buda kuwa tudu ce. Gwiwar Baba a Buda za ta sha wuya, don haka ki tara duk abin hawa a safiya ɗaya. Ku kama masauki kusa da dandalin Deák Ferenc tér, a Pest. Daga nan bas mai lamba 16 zai tsallaka da ku gadar Lánchíd, wadda aka buɗe a 1849, ya haye da ku har saman tudun fada, ku sauka kusa da cocin Mátyás. Kada kowa ya ruɗe ku da hawa da ƙafa. Akwai wani ɗan keken dogo mai hawa tudun tun 1870, yana da ban sha'awa amma ga layi ga tsada, bas ya fi.

A bayan cocin akwai Halászbástya, farar ganuwa mai hasumiya bakwai. Nan Umma za ta samu hotonta, majalisar dokoki na kallonku daga tsallaken ruwa. Ƙasan ganuwar kyauta ne, saman ake biya, kuma abin da za ki gani kusan ɗaya ne. Ku isa kafin ƙarfe tara, in rana ta ɗaga ko wurin tsayawa sai an yi turereniya.

Malam na Szeged:
Tunda kika ce Baba malamin tarihi ne, bari in tsoma baki. Ki gaya masa tun yanzu cewa Daular Usmaniyya ta riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, shekara 145. Cocin nan da Yaya ya ambata masallaci aka mayar da shi a lokacin. Amma abin da zai fi taɓa shi ba a can yake ba. A ɓangaren Pest, gindin gadar Erzsébet, akwai wani tsohon coci da yawancin baƙi ke wucewa ba su ko waiwaya ba. Ki shiga da shi, ku nufi gaba ta hannun dama, za ku ga ɗan mihirabi a jikin bango, ragowar zamanin da Turkawa ke salla a ciki. Ranar da na fara ganinsa na fi minti goma a tsaye, wata tsohuwa mai kula da wurin tana ta kallona. Ba hawa, kuma ga kujeru.

Sai kabarin Gül Baba a tudun Rózsadomb. Wani waliyyi ne na ɗarikar Bektashiyya da ya zo da rundunar Sarki Sulaiman na Usmaniyya, ya rasu a 1541, shekarar da aka ci garin. Ɗan gini ne mai kusurwa takwas da kubba, an gyara wurin a 2018 da hannun gwamnatin Turkiyya, ga lambun furanni, ga garin duka a ƙarƙashinka.

Abu Ammar:
Malam, da girmanka, a ɗauki dattijo a kai shi ziyarar kabarin ɗan ɗarika? Me za a samo a can?

Malam na Szeged:
Akhi, tarihi na ce a je a gani, ban ce a je a roƙi kowa ba. Baba ya girme ni da kai, ya san abin da ya dace. In ma akwai abin tsoro a wurin, titin ne. Gül Baba utca tudu ne miƙaƙƙe da duwatsu a shimfiɗe, ni da ƙuruciyata sai da na tsaya sau biyu ina haki. Ƙanwata, tasi za ku hau ya sauke ku ta sama, kada ku bi ta nan.

Maman 'yan biyu:
Ku bar gardama ku zo ga abinci, shi ne zai ɓata tafiya in ba a kula ba. 'Yar uwa, kin dai san kalmar sertés, alade ke nan. To ki ƙara da zsír, kitse. Mutanen nan da kitsen alade suke soya albasa, ko miyar gulyás da ake cewa ta naman shanu ce sau da yawa da shi ake fara ta. Ga shi naman ma ba yankanmu ba. Ni da surukata ta zo, gidajen abincin Turkawa muka riƙe, suna nan birjik a babban titin da tiram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) mai lamba 4 da 6 ke bi. Shinkafa da kaza da miyar wake, ba ta yi ƙorafi ba sai na rashin yaji. Ki ce Umma ta ƙullo yajinta daga gida, barkonon nan nasu da suke ji da shi ja ne kawai.

Kasuwa kuwa ki kai ta babbar rumfar nan ta Fővám tér, tun 1897 take. Ƙasa kayan miya da barkono a rataye kamar tasbaha, sama kayan tsaraba da mayafan tebur masu aikin hannu. Ki yi mata gargaɗi za ta ga naman alade a rataye ko'ina, kada ta tsorata. Kuma ba Kurmi ba ce, ba a tayi sosai, surukata ta taya rabin kuɗi mai kaya ya juya mata baya. A saman akwai lángos, kamar fanke ne mai faɗi, ki tambayi man da aka soya da shi. Baba ya zauna a ƙasa ya jira ku.

Ɗan Maradi:
Ni gargaɗi ɗaya zan yi don ya taɓa cina. Sayen tikiti bai isa ba, sai kin cusa shi a ɗan akwatin nan ya buga. Satina na farko na sayi tikiti na sa a aljihu, masu bincike suka tare ni a bakin fita, na nuna musu da murmushina, suka ci ni tara nan take. Ki sayi na awa 24 ke da Umma ki huta. Baba tunda ya haura 65 kyauta yake hawa, tun 2024 aka buɗe wannan ga ɗan kowace ƙasa, fasfo kawai zai riƙe. Sannan forint ake kashewa, in kin biya da yuro a shagon tsaraba canjin da za su yi miki ba daɗi. Tasi kuma ta manhaja ki kira, kada ki hau wanda ya tare ku a bakin tasha.

Ƙanwarku ta Debrecen:
Allah ya saka da alheri, na cire Viyana. To majalisa fa, mu shiga ciki? Kuma ba wanda ya ce komai kan salla.

Yayanku na Pest:
Cikin majalisa yana da kyau, kambin sarautarsu ma a can yake ƙarƙashin kubba, amma sai kin sayi tikiti tun da wuri, mu da ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗinmu ya fi yawa, kuma zagayen da doguwar matakala yake farawa. Ni da zan zaɓa, rana ta biyu bayan kasuwa ku hau tiram mai lamba 2 daga Fővám tér, ku zauna ta gefen kogi. Zai bi da ku bakin ruwa har gindin majalisar, Baba na zaune yana kallon fada a tsallake. Ku sauka a Kossuth tér, ku ɗan taka baya kaɗan zuwa wurin takalman ƙarfe na mutum sittin da aka jera a bakin ruwa, tunawa da Yahudawan da aka harbe a nan a 1944 da 1945, aka sa su cire takalma tukuna. Har da na yara a ciki. Baba zai so ya san wannan.

Salla kuwa matafiya ne, ga kasaru ga haɗawa. In kwanakin sun haɗa da Juma'a akwai masallaci a Fehérvári út, ba hasumiya, kamar ofis yake daga waje, ki duba taswira kada ku wuce shi. Ki tuna ƙarshen Yuni sai kusan tara saura kwata rana ke faɗuwa. Ku koma masauki bayan azahar su yi barci, da yamma ku fito jirgin ruwa na awa ɗaya, ki zaɓi wanda zai tashi bayan magariba lokacin da aka kunna fitilun gadoji. Ki nemi na kallo zalla, akwai waɗanda giya ce sana'arsu. Ki riƙo wa Umma mayafi mai kauri, iskar kogi da dare ba ta san Yuni ba.