Eksosom don sanƙo: akwai wanda ya gwada?

Mai Hula:
Assalamu alaikum. Shekarata 34, kuma tsakiyar kaina ta fara yin fili. Ban sani ba sai da ƙanena ya ɗauke ni hoto ina sunkuye ina ɗaura igiyar takalmi, na ga fatar tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Haka Baba yake, haka kawuna. Na shafa maganin tsirar gashin nan, minoksidil, mako shida, sai na ga gashi ya ƙara zuba a kan matashi, na tsorata na ajiye kwalbar.

Makon jiya na shiga wani wurin gyaran fata. Matar ta fito da 'yar kwalba mai farin gari a ƙasanta, ta ce eksosom ne. Za a narka shi, a bi kaina da na'ura mai ƙananan allurai, a shafa, sau uku, wata-wata. Matata ma har ta fara cewa a yi mata a fuska saboda tabon ƙuraje. Da na ce daga jikin me aka ciro shi, sai matar ta yi murmushi ta ce ai shigo da shi ake yi. Wannan amsar ce ta sa na mayar da hannu aljihu. Mene ne abin nan, jama'a?

Ma'aikaciyar Gwaji:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayar da ka yi mata ita ce tambayar. Eksosom wasu 'yan jakunkuna ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, girmansu nanomita 30 zuwa 150, ɗauke da furotin da guntayen RNA (sinadarin da ke ɗauke da umarnin aikin ƙwaya), kamar saƙo daga wata ƙwaya zuwa wata. Rose Johnstone ce ta raɗa musu sunan a 1987, da farko ma an ɗauka shara ce ƙwaya ke zubarwa. Sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna suna kai RNA cikin wasu ƙwayoyin. Ilimin gaskiya ne.

Abin da ke cikin kwalba kuma daban. Wani daga kitsen mutum aka samo ƙwayoyin, wani daga igiyar cibiya, wani daga tsiro. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a Disambar 2019 bayan wasu a jihar Nebraska sun kamu da mummunan ciwo daga irin wannan, ta kuma ce ba ta amince da ko ɗaya a matsayin magani ba. Tarayyar Turai ta hana sa abin da aka ciro daga jikin ɗan Adam a kayan kwalliya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan gashi ƙanana ne, mutane kaɗan, lokaci gajere. Idan za a yi maka, a nuna maka takardar kamfanin da lambar rukunin kwalbar, kuma kada ka yarda a tsira maka shi cikin fata.

Baban Biyu:
Ni an yi min, ɗan'uwa, sau uku cur. Kwana biyu kaina ja, yana zafi kamar na wuni a rana. A wata na huɗu na ga ƙananan gashi a gefen filin, masu laushi kamar na jinjiri. Amma in faɗa maka gaskiya, a lokacin ina shafa minoksidil, kuma su kansu alluran suna motsa fata. To wanne ya yi aikin? Inda ya riga ya zama sumul tun shekaru, ko ƙwara ɗaya ba ta fito ba.

Ma'aikaciyar Gwaji:
Af, na manta. Zubar da ta tsorata ka sananniya ce a makonnin farko na minoksidil, tsofaffin gashi ne ke faɗuwa sababbi na turowa. Sai an yi wata huɗu zuwa shida ake yanke masa hukunci, kuma in ka daina, abin da ya fito zai koma. A sanƙon gado, wani sinadarin jiki mai suna DHT ne ke sirantar da tushen gashi, shi ne maganin finasterayid ke ragewa, amma wannan sai likita ya rubuta, kuma mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Ita kuma uwargida ta fara ganin likitan fata, don fata mai duhu in aka ji mata ciwo takan bar baƙin tabo fiye da na da.

Mai Hula:
Wato da kaina na kori maganin yana tsaka da aiki! Na gode, Allah ya saka. Na kira matar ɗazu na nemi takardar, ta ce za ta tambayi mai wurin. Kwalbar minoksidil ɗin tana nan bayan madubi, rabi ya rage, yanzu zan duba ko kwananta bai ƙare ba.