Wa ya taɓa zuwa tsibiran Lofoten?

Ɗalibi_Oslo: Salam jama'a, ina son in leƙa Lofoten can arewacin Norway a watan Yuni, don Allah ina ake samun masauki mai sauƙi, kuma ta ina ake shiga?

Maman Twins: Wa'alaikassalam ƙanina. Mu ta garin Bodø muka bi, muka hau feri, wato jirgin ruwa, zuwa Moskenes a Lofoten, tafiyar awa 3 da wani abu. Ka nemi rorbu, wato ɗakunan masunta na katako jajaye a bakin ruwa, akwai kicin ciki sai ka dafa abinka don abincin waje tsada kamar me. A ƙauyen Reine muka kwana, da safe na buɗe taga ga dutse ga ruwa ga warin kifin da aka shanya a kan katako, shi ne fa okporokon da ake kaiwa Najeriya, wallahi har yanzu ina kewar wurin.

Baban Hanif: Kama ɗaki tun yanzu malam, Yuni cika ake. Garin Svolvær ya fi otal da shaguna. Sannan rana ba ta faɗuwa lokacin, ka tambayi malamai yadda za ka yi da magariba da isha.

Ɗalibi_Oslo: Na gode Yaya, na gode Hajiya. Rorbu ɗin zan nema.