Gonar Freeman a Nebraska, ta yaya ta koma hannun gwamnati?

Ummu_Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana tarihin Amurka, ina son sanin gonar nan ta Daniel Freeman da ke kusa da garin Beatrice, wadda ake cewa ita ce ta farko da aka raba kyauta. In dai kyauta aka ba shi kuma ta zama tasa, me ya sa yau gwamnati ke riƙe da ita, ƙwace ta aka yi ko me?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ba ƙwace ba ne. Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar rabon filayen a 1862, ta fara aiki 1 ga Janairu 1863, mutum ya biya dala 18 kuɗin takarda a yanka masa eka 160 amma da sharaɗi, sai ya gina gida ya zauna ya noma wurin shekara 5 kafin a ba shi takardar mallaka. Ana cewa Freeman tsakar dare ya shigar da tasa takardar a ofishin Brownville. Shi da matarsa Agnes suka fara da ɗakin katako a bakin rafin Cub Creek, daga baya suka yi na bulo. Ya rasu 1908, ita kuma 1931, gonar ta faɗa hannun magada, a 1936 majalisa ta amince a mai da wurin na tarihi, shi ne gwamnati ta saya.

Dan_Asali: Malam gaskiya ka tsallake masu wurin na farko fa, ni abin da ke damuna ke nan. Kafin Freeman ai akwai mutane a yankin, ƙabilar Otoe-Missouria, yarjejeniya bayan yarjejeniya aka yi ta matse su har a 1881 aka kwashe su zuwa inda yau ake kira Oklahoma. Wannan kyautar daga ƙasarsu aka yanke ta.

Malam_Tarihi: Haka ne ɗan uwa, ka yi gaskiya. Kuma su ma baƙin da yawa ba su iya riƙewa ba, ga rashin ruwan sama ga farin ɗango da suka cinye amfanin gona a 1874 ga bashi, sai mutum ya sayar wa maƙwabci mai ƙarfi ya yi gaba. Iyalan Freeman da suka riƙe tasu sama da shekara 70 sun yi ƙoƙari sosai.

Ummu_Khadija: Allah ya saka da alheri Malam. To su Otoe ɗin, akwai wurin da aka ware musu a gidan tarihin ko labarin Freeman kawai ake bayarwa?