Wace unguwa zan sauka a Kuala Lumpur ni kaɗai?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa zan je Kuala Lumpur saro mayafai a titin Masjid India, kwana 6, ni kaɗai. Masauki ne ya tsaya mini a rai. Otal-otal ɗin Chow Kit sun fi sauƙi, ga kasuwar kusa, amma an ce mini bayan isha'i wasu lungunan ba na mace ɗaya ba ne, ga masu fizgen jaka a kan babur. Bukit Bintang kuwa akwai jama'a har tsakar dare, sai dai tsada da hayaniyar mashaya. Yayata ta ce in zauna kusa da KL Sentral saboda jirgin ƙasa. Don Allah wadda ta taɓa kwana can ita kaɗai, ina kika sauka, kuma da dare Grab (motar hayar da ake kira ta manhajar waya) kike hawa?