Ƙanena ya ce mai labarai a rediyo da shi yake

Yayar Tela: Salamu alaikum. Daga Mabera nake, hankalina a tashe. Ƙanena tela ne, shekararsa 26, bara likita ya ce ciwon baifola gare shi, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum wani lokaci ya yi sama da zumuɗi, wani lokaci ya yi ƙasa da damuwa, bayan ya yi wata uku a ɗaki ko wanka sai an matsa. Yanzu kuma yau kwana tara ba barci, ko hamma ba ya yi. Ƙarfe biyun dare kekensa na ƙara. Shekaranjiya ya kyautar da keken, wai wata murya ta ce masa shi zai ciyar da Sakkwato kaf. Inna ta dage iska ne. Ashe ciwon nan na kaiwa ga jin murya, ko wani ne daban ya shigo?

Nas Arkilla: 'Yar'uwa, yana kaiwa. In ciwon ya yi sama sosai, mutum kan ji abin da babu, ya gaskata shi zaɓaɓɓe ne ko attajiri. Bambancinsa da sikizofireniya, wani ciwon ƙwaƙwalwa da shi ma kan sa jin murya, a baifola muryar tare take zuwa da tashin ciwon, in ya lafa ita ma ta tafi. Kada ku jira. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo. Yana shan maganinsa kuwa?

Yayar Tela: Ya ajiye tun azumi, wai ya warke.

Ɗan Runjin Sambo: Nima haka na yi, Yaya. Kwana biyar ina ganin duk mai babur da ya ɗaga mini hannu mubaya'a yake yi. Daɗi nake ji, shi ya sa ban yarda ba ni da lafiya ba. Kada ku yi masa musu, ƙara hawa zai yi. Ku karɓi makullin babur da katin banki cikin dabara. Bashin da na ci a satin nan har yau ina biya. Maganin litiyom nake sha, ana auna jinina lokaci-lokaci.

Malama Hajiya: Ku bar Inna ta yi addu'arta, ba ta hana magani. Ɗauri da duka ne kawai kada ku yarda.

Yayar Tela: Na gode. Kawu zai zo da mota bayan asuba, maganarsa kaɗai ƙanen nawa yake ji. Katin yana hannuna.